Aikin sankarar mama ba ya ƙarewa a ɗakin tiyata

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a shafin wasiƙu in yi magana a kan wani gefe na sankarar mama da ba a cika taɓowa ba. Duk watan Oktoba jaridu da gidajen rediyo kan cika da kira ga mata su riƙa duba mamansu, a yi tattaki da riguna ruwan hoda a titunan Abuja, kuma hakan yana da kyau. To amma matar da ta riga ta ji ƙullutu, ta je asibiti, aka ce sai an yi aiki, ita wa ke yi mata bayani? Ranar sallama a kan miƙa wa 'yar'uwarta takardar magani da ranar dawowa, a tari mota zuwa Mararaba ko Kubwa ko Suleja, ga robar janye ruwan ciwo tana reto a gefen haƙarƙari, kuma duk gidan babu wanda ya san yadda za a yi da ita. Da yawa daga abin da ke lalacewa bayan aikin nan a gida yake lalacewa, a hannun mutanen da suka fi kowa son ta warke. Rashin sani ne kawai. Saboda su nake wannan rubutu.

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022 sun nuna mata miliyan 2.3 aka samu da cutar a faɗin duniya, kusan 670,000 suka rasu. A Najeriya an ƙiyasta sabbin kamuwa sama da 32,000 a shekarar, waɗanda suka rasu kuma kusan rabin wannan adadi. Babban dalilin da ya sa namu ya yi muni haka shi ne makara, kuma a cikin abin da ke jawo makarar akwai maganar nan da kowa ya taso ya ji, wai daji ba ya son ƙarfe. Na san inda maganar ta samo asali. Mace ta yi shekara biyu tana shafe-shafe da shaye-shaye, sai mama ya fashe, cutar ta kai huhu ko ƙashi sannan a kawo ta. A yi abin da za a iya, ta rasu bayan wata huɗu, sai a ce wuƙa ce ta tayar da shi. Ba wuƙa ba ce. Allurar da ake sokawa a ɗebo ɗan nama don gwaji ba ta yaɗa cutar. Ƙarfen da ya kamata a ji tsoro shi ne askar wanzami da ke tsaga ƙullutu da sunan fitar da mugun jini, da ƙaramin asibitin unguwa da zai yanke ƙullutun ya jefar ba tare da an kai shi gwaji ba.

Aikin kansa iri biyu ne. Ko a cire ƙullutun da ɗan lafiyayyen nama a kewayensa a bar maman, ko a cire maman gaba ɗaya. Wadda aka bar wa mama kusan dole ne a bi ta da gashin na'ura, wanda likitoci ke kira rediyoterafi, in ba haka ba haɗarin dawowar cutar a wurin yana da yawa. Don haka kafin iyali su dage sai an bar maman, su tambayi kansu ko za su iya jigilar gashin. A mafi yawan lokuta a nan ƙasar, saboda ana zuwa a makare, ana haɗawa da kwashe kaluluwar hammata, sau da yawa guda goma ko fiye, domin nan ne zangon farko da cutar ke sauka in ta bar mama. Wani lokaci kuma likita zai ce a fara da ƙarin ruwan kemo, wato maganin kashe ƙwayoyin sankara, kafin aiki don ƙullutun ya motse. Wannan ba jan ƙafa ba ne, tsari ne. Daren aiki a daina cin abinci awa 6 kafin lokaci, ruwa zalla kuma awa 2, sai in mai ba da maganin barci ya faɗi wani abu daban. A gaya masa duk abin da take sha, har jiƙo da garin magani da asfirin, domin wasunsu na hana jini daskarewa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma a nan nake so masu karatu su tsaya. Naman da aka cire shi ne zai faɗi duk maganin da za a yi mata na shekaru masu zuwa. A asibitoci da dama dangi ake miƙa wa shi a roba a ce su kai ɗakin gwaji su biya. Wasu, saboda girmama jikin ɗan'adam, sai su wuce da shi gida su binne. Wasu su ajiye a ƙarƙashin gado har Litinin saboda kuɗi bai haɗu ba, wasu su saka a firiza don kada ya lalace. Duk ukun asara ce wadda ba ta gyaruwa. Naman yana bukatar shiga ruwan fomalin, wato sinadarin da ke hana nama ruɓewa, cikin awa guda da cire shi, ruwan kuma ya shanye kansa sosai, kamar ninki goma na girmansa. Ba ruwan gishiri ba, ba sifirit ba, ba ƙanƙara ba. Fomalin a hankali yake ratsa nama, shi ya sa in mama ne gaba ɗaya sai masana sun tsattsaga shi ruwan ya shiga ciki, in ba haka ba waje ya yi kyau tsakiya ta ruɓe, kuma a tsakiyar ne cutar take. Gwajin da ke nuna irin sankarar yana son naman ya zauna a fomalin tsakanin awa 6 zuwa 72, ba mako guda ba. Saboda haka tun kafin ranar aiki a tambaya: wa zai kai naman, ina za a kai, nawa ne, akwai fomalin a ƙasa ko sai an saya? A ware kuɗin gwajin daban kamar yadda aka ware na tiyata. Mai son binnewa ya gaya wa ɗakin gwajin tun farko, in sun ɗauki abin da suke bukata ya nemi ragowar.

Sakamakon ba "daji ne" ko "ba daji ba ne" kawai zai faɗa ba. Zai faɗi girman ƙullutun, ko gefen da aka yanka ya fita tas, da kaluluwa nawa cutar ta kama cikin nawa aka cire. Sai gwaji na biyu mai sassa uku, ER da PR da HER2, wanda sau da yawa kuɗinsa daban ne kuma shi aka fi tsallakewa. Wannan ne ke nuna ko sankarar tana ci ne daga sinadarin mata na jiki, wadda ƙwaya mai sauƙin kuɗi ke riƙe ta, ko irin da ke bukatar allura ta musamman ce, ko kuwa ba ta jin ko ɗaya sai kemo. Ba da magani babu wannan gwaji harbi ne a duhu. A adana lambar gwajin, a kuma san cewa ɗakin gwaji na ajiye ɗan naman a cikin dunƙulen kaki, wanda za a iya karɓa a kai wani wurin in su ba sa yin gwaji na biyun.

Sai robar da ake sallamo ta da ita. Bayan an cire nama an kwashe kaluluwa, wani fili na zama a ƙarƙashin fata wanda jiki ke ta zuba ruwa a cikinsa. Robar ce ke janye ruwan zuwa kwalba ko jaka ko wani ɗan ƙwallo da ake matsewa. A riƙa ajiye shi ƙasa da ciwon, a maƙale shi a jikin riga da fil ko a saka a ƙaramar jakar rataya, don kada nauyinsa ya fizge robar lokacin tashi ko shiga banɗaki. Kullum a lokaci ɗaya, a ce bayan sallar asuba, mai jinya ta wanke hannu da sabulu, ta juye ruwan a kofi mai awo ko ta auna da babban sirinji, ta rubuta kwanan wata da adadin a littafi. In irin na matsewa ne, a matse shi ya lotsa kafin a rufe murfin, domin in ya cika da iska ya daina zuƙa, ya zama ado kawai. Kwana na farko da na biyu ruwan ja ne, sai ya koma fatsi-fatsi, sai ruwan ɗorawa garai-garai. Likitoci kan cire robar in abin da ke fita a awa 24 ya sauko wajen mililita 30, galibi cikin mako ɗaya zuwa biyu. Littafin nan shi likita zai duba ya yanke hukunci, don haka "ya ragu dai" ba amsa ba ce. In ruwa ya tsaya cak alhali jiya ya yi mililita 100, kuma gefen ƙirji na kumbura ko bandeji na jiƙewa, to gudan jini ne ya toshe ko robar ta lanƙwashe. In kuma jan jini sosai ke cika kwalba da sauri, ƙirji ya yi tauri ya yi duhu, ana jiri, wannan zubar jini ce a ciki, a koma asibiti a daren, kada a jira safiya. Robar da ta zame kuwa kada wanda ya mayar da ita ciki. A rufe wurin da bandeji mai tsabta a tafi.

Bayan an cire robar ruwa kan sake taruwa, mace ta ji yana motsi a hammata kamar ruwa a leda. Ba cutar ce ta dawo ba, kuma yana faruwa da mata da yawa. In ya yi yawa likita zai zuƙe da allura, wani lokaci sau biyu ko uku. A kemis ba a yin wannan, domin allura marar tsabta ita ke mayar da ruwan ya zama mugunya.

Akwai al'adarmu ta gashi da ruwan zafi, wadda iyaye ke yi wa duk wanda aka yi wa aiki ko ta haihu. A nan tana da haɗari na musamman. Wajen kwashe kaluluwa ana taɓa ko yanke wata jijiya da ke kai ji zuwa hammata da cikin dantse, fatar ƙirjin ma ta dushe, ba ta jin zafi kamar da. Sai a ɗora tsumma mai tururi, maras lafiya ta ce ba ta ji komai ba, a ƙara zafi, washegari fata ta saluɓe. Fatar da ke kan ciwon siririya ce, jininta bai gama dawowa ba, ƙuna kaɗan na iya kashe ta, ɗinki ya buɗe, kemon da ya kamata a fara ya koma baya da wata guda. Kada a gasa. Kada a shafa man shanu, man kaɗanya, zuma, toka ko garin kafso a kan ɗinki. A bar bandeji a bushe, a yi wanka daga ƙugu zuwa ƙasa, sama kuma a goge da tsumma har likita ya ba da izini. Zaren da ba ya narkewa ana cire shi wajen kwana 10 zuwa 14. Alamomin da ke cewa a koma asibiti su ne zazzaɓi da ya kai 38 a ma'auni, ja da zafi da ke faɗaɗa, wari, mugunya, ko gefen fata ya yi baƙi. A sayi ma'aunin zafi a ajiye, bayan hannu ba ya auna komai. Kada kuma a ce maleriya ce a sayo magani a zauna. Mai ciwon suga ta ninka lura, domin suga in ya hau ciwo ba ya haɗewa.

Kwanciya ba jinya ba ce a wannan aiki. Tun washegari ta tashi ta taka, ko da daga gado zuwa ƙofa ne, saboda jini na daskarewa a ƙafar mai yawan kwanciya. Ɗaya ƙafa ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya sarƙe farat ɗaya, na gaggawa ne. Hannun ma haka. Tausayi kan sa a naɗe mata shi a jiki a hana shi motsi, bayan wata guda kafaɗa ta sandare, ta kasa ɗaura ɗankwali. Daga rana ta farko ta riƙa dunƙule hannu tana buɗewa, tana lanƙwasa gwiwar hannu, tana ɗaga kafaɗu tana juya su, amma kada ta ɗaga hannun ya wuce kafaɗa muddin roba na jiki. In an cire, sai ta fuskanci bango ta ɗora tafukanta, yatsu su riƙa hawa a hankali kamar tafiyar gizo-gizo har inda ta ji ya ja, ta tsaya ta ƙirga goma, ta sauko. A sa alli a yi alama a inda ta kai, gobe a nemi wuce shi ko da faɗin yatsa ne. Sau 5 zuwa 10, sau uku a yini, kuma ta sha maganin ciwo rabin awa kafin ta fara. Wannan ba don ado ba ne kawai: a kan gadon gashin na'ura sai an ɗaga hannu sama da kai an riƙe, wadda kafaɗarta ta sandare sai a ɗage mata. Wasu kan ji wani abu kamar tsirkiya ya miƙe daga hammata zuwa gwiwar hannu. Shi ma ba cutar ba ce, masu gashin ƙashi na asibiti na sassauta shi da miƙewa da tausa. Game da farasitamol, kada babba ya wuce giram 4 a awa 24, a kuma lura cewa magungunan mura da yawa suna ɗauke da shi a ciki.

Aikin gida sai an yi magana a fili, domin mace ba za ta ce ba ta iya ba. Mako 4 zuwa 6 na farko kada hannun ya ɗauki abin da ya wuce kilo 2 zuwa 3. Jarkar mai ruwa ta lita 20 kilo 20 ce cif. Babu daka, babu jan guga, babu wanki da matsa, babu tuƙin tuwon gida guda. Goyo ma a dakata, domin zanen goyo a kan ɗinkin yake zama daidai, haka ɗaurin ƙirji. Riga mai faɗi mai buɗewa ta gaba ta fi. In za a shiga tasi irin tamu da ake cusa mutum huɗu a baya, a biya kuɗin kujera biyu in da hali, gefen aikin ya kasance wajen ƙofa, da ɗan matashi a tsakanin hannu da haƙarƙari.

Kumburin hannu shi ne abin da ke iya zuwa a makare, bayan wata shida ko shekara uku. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka kwashe wa kaluluwar hammata na samun sa, saboda hanyar da ruwan jiki ke bi ya koma ta ragu. Farkonsa zobe ko awarwaro ya fara matsewa, hannun riga ɗaya ya fi ɗaya cika, hannu ya yi nauyi da yamma. A wannan mataki yana jin magani: safar hannu ta musamman mai matsewa, tausa irin ta masana, motsa jiki, rage ƙiba. In aka bari ya yi tauri sai dai lallaɓawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, don haka a kiyaye fatar hannun daga yankan wuƙa, ƙayar kifi, fantsamar mai wajen tuya, cizon sauro da kaushin hunturu. A shafa mai kullum. In an yanke a wanke da sabulu nan take. Hannun ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, a ga likita a ranar. Awon jini da allura da ƙarin ruwa, in da hali a yi a ɗaya hannun. Ƙaho da tsaga a hannun da ya kumbura kuwa, don Allah kada a kusanta.

Abinci ba shi da wani sirri. Maganar cewa ƙwai ko nama na sa ciwo ruwa ba ta da tushe, su ne ma ke gina naman da zai haɗe. Wake, ƙwai, kifi, gyaɗa, nono, zogale, abin da gida ke iyawa. Sallah a zaune ta halatta ga wanda bai iya tsayuwa, taimama na nan, azumi kuma Alƙur'ani ya yi wa maras lafiya rangwame ya rama daga baya.

Inda muka fi yin asarar mata shi ne bayan ciwo ya warke. Ta ji sauƙi, 'yan dubiya sun yi barka, kuɗi sun ƙare, sai a ce ai an cire. Abin da ido ke gani aka cire. Kemo da gashi da ƙwaya na bin ƙwayoyin cutar da suka riga suka sulale ne tun kafin aiki. Kemo an fi son a fara shi cikin mako 4 zuwa 6 bayan tiyata, galibi duk mako uku, zagaye 6 zuwa 8. Gashin kai zai zube ya dawo. Ɗaya daga cikin magungunan ja ne, yana rina fitsari kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Abin tsoro shi ne zazzaɓi tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowane zagaye, lokacin da sojojin jini suka faɗi ƙasa. Zazzaɓin wannan lokaci na iya kisa cikin awoyi, asibiti kai tsaye, a kuma faɗa musu tun a bakin ƙofa cewa tana kan kemo. Gashin na'ura kullum ne, Litinin zuwa Juma'a, mako uku zuwa biyar, kowane zama 'yan mintoci. Babban Asibitin Ƙasa da ke nan Abuja na cikin wuraren da ke yin sa, kuma mai zuwa daga Nyanya ko Gwagwalada ko wata jiha ya lissafa kuɗin mota da masauki tun wuri, don tsallake kwanaki na rage amfaninsa. Wadda gwajinta ya nuna ER, wato sankararta na ci daga sinadarin mata, za a ba ta tamoksifen, miligiram 20 kullum, shekara 5 zuwa 10, ko letrozol ga wadda al'ada ta ɗauke mata. Kada a ɗauki ciki a kan tamoksifen, kada a shayar, kuma tsarin iyalin da ya dace shi ne marar sinadarin mata, kamar robar mahaifa mai jan ƙarfe. Jinin da ya zo ba lokacinsa ba a gaya wa likita. Ɗaya maman kuma a yi masa hoto duk shekara, a kuma kai rahoton ƙurji a kan tabo, ciwon baya ko ƙashi da ya ƙi tafiya, ko tari mai naci.

Kan kuɗi, a 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankarar mama da ta bakin mahaifa da ta mafitsarar maza, kuma Babban Asibitin Ƙasa na cikin asibitoci shida da aka fara da su. Ba ya isar kowa, amma wanda bai nema ba bai samu ba. A je ofishin jin daɗin marasa lafiya na asibiti a tambaya tun ranar da sakamakon farko ya fito.

Ga mazaje kalma biyu. Cutar nan ba a ɗaukar ta ta kwanciya, ko kwano, ko wanki. Ranar da za a fara buɗe bandeji, mace fuskar mijinta take kallo kafin ta kalli ƙirjinta. Ya kasance a wurin, ya kuma san me zai gani: layi ɗaya a kwance daga tsakiyar ƙirji zuwa hammata, wuri a shafe. Makonnin farko za ta iya sa mama na auduga mai laushi a cikin rigar mama marar ƙarfe, bayan mako 6 zuwa 8 in tabo ya yi ƙwari a nemi mai nauyi na silikon, wanda ke daidaita kafaɗa ya hana ciwon wuya da baya. Wadda ta daina barci, ta daina ci, ta daina magana har mako biyu, ba rashin tawakkali ba ne, a gaya wa likita.

Roƙona ga shugabannin asibitocin Abuja da kewaye shi ne a buga takarda guda da Hausa, har da ajami, a riƙa ba kowace mace ranar sallama: gefe ɗaya layukan rubuta awon ruwan roba, ɗaya gefen hoton motsa hannu da alamomin haɗari da lambar wayar ɗakin da ta kwanta. Ku kuma, Malam Edita, in kun ware shafi guda kuka buga irinta yadda za a iya yankewa a manna a bango, akwai ma'aikatan jinya da likitocin tiyata da za su duba muku ita kyauta kafin ta fita.

Wassalam.

Wata ma'aikaciyar jinya,
Abuja.